Tsatsa a Ƙarƙashin Leda

Shekara goma sha huɗu na yi da babur ɗina na farko, kuma har ranar da na rabu da shi ba wanda ya taɓa ganin laka ta kwana a jikinsa. In wannan alfahari ne, na yarda ina da shi. Masinja nake a wani ofis a Kankia har na aje aiki. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba. Abin da Allah ya hore mani shi ne tsari. In na san abin da ke zuwa farko da abin da ke bi masa, ba na sauya masu wuri don kowa.

Ranar Asabar nake wanki, da hantsi, a ƙarƙashin itacen bedin da ke ƙofar gidana. Ba a wanke babur a rana, ba a kuma wanke shi da zafin inji, domin ruwan sabulu yakan bushe a kan fenti ya bar tabo. Saboda haka abu na farko shi ne jira. In injin ya huce har na iya aza tafin hannuna a kansa, sai in toshe bakin salansa da tsumma. Daga nan in kwarara ruwa da moɗa tun daga sama har ƙasa ba tare da na taɓa jikinsa ba, don yashin da ya manne ya sauka da kansa. A nan yawancin mutane ke ɓata fenti. Su ɗauki tsumma su hau gurza a kan ƙura, sannan su riƙa mamakin yadda tankinsu ya dushe kafin shekara ta zagayo. Bokiti biyu nake ajewa, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma. Tsummokarana uku ne kuma ba sa haɗuwa: na tanki, na inji, na ƙafafu. Na tankin tsohuwar singileti ce mai laushi, ba ta taɓa ƙasa. In ta faɗi, ta zama ta inji ke nan. Sarƙa tana da nata tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir. In an ɗauraye sai a tsane, a shafa man goge fenti kaɗan-kaɗan, a bar shi ya yi fari, sannan a goge. Farin ƙarfe shi ne na ƙarshe, wato salansa da kariyar ɗora kaya da sandunan madubi da wayoyin taya, domin shi hannu ya fi ɓatawa yayin da ake sauran aikin.

Wana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, yana Ƙofa a ƙasar Kusada, a gidan da aka haife mu. Ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe ni, shi ya yi mani aure. Manomi ne na gaske, gero da dawa da wake, ba shekarar da rumbunsa ke zama wofi. Sai dai a idonsa ban taɓa girma ba. Ina da furfura a gemu, amma in za a yi shawarar gida sai an gama sannan a kira ni a gaya mani abin da aka yanke. Ko fartanya bai taɓa ba ni ajiya ba. In na je Ƙofa ya hango babur ɗina yana ɗaukar ido daga nesa, sai ya ce wa mutanen da ke zaune, "Ga angon ƙarfe nan ya iso." Su yi dariya, ni ma in yi. Amma abin yana cina, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba sai mai ɗakina.

Wata kaka da amfani ya yi kyau Yaya ya sayi sabon babur, ja, irin mai dogon kariya da ake ɗaukar kaya. Kowa ya san al'adarmu da sabon babur. Yakan zo daga shago a naɗe da leda, wata mai ƙuraje-ƙuraje, wata sumul, an ɗaure da salatif, kuma mai shi ba ya cirewa. Tanki a rufe, kariya a rufe, murfin taya da sandunan madubi da shokozoba duk a rufe. Salansa kaɗai ake bari tsirara don zafi na narka ledar. Haka za a yi ta hawansa har ledar ta yi baƙi ta zama tsumma. Hujjar ita ce wai tana kare fenti, amma gaskiyar ita ce tana gaya wa duk wanda ya gani cewa wannan daga kwali ya fito, ba na hannu ba ne. Ni ban taɓa yarda da wannan al'ada ba. Na kuma faɗa wa Yaya sau ɗaya, ya ce mani in bari sai na sayi nawa sabo.

A shekarar da ta biyo Allah ya kira shi aikin Hajji, kuma tafiyar ta faɗo cikin damina. Saura kwana biyu su wuce sansanin alhazai sai ga shi a ƙofar gidana a kan babur ɗin. Ya sauka, ya kafe shi, ya zare makulli ya miƙo mani. Na tsaya ina kallon hannunsa, don ban gane nufinsa ba.

"Amshi mana," ya ce. "In na bar shi gida samarin nan nawa za su maishe shi jaki tun ban kai Jidda ba. Kai ko ba ka da aiki sai shafar ƙarfe."

"To, Yaya."

"Ka riƙa tada shi don batir. Kar ka ba kowa aro, ko limamin unguwarku ne. Ledar nan kuma kar ka taɓa mani ita. Yadda na ba ka shi, haka nike son in iske shi."

"In ta yage da kanta fa?"

"Wata bakwai ina bisa, ba ta yage ba. Hannunka ne ba ya zama wuri guda, na san ka."

Ya sha ruwa, muka yi sallama, na raka shi bakin titi ya shiga mota. Da na dawo na iske mai ɗakina tsaye a zaure tana kallon babur ɗin.

"Malam, yau dai an ba ka ajiya," ta ce. "Sai a zuba ruwa a ƙasa a sha."

Na ce mata ta matsa kar zanenta ya kama ledar. Amma a raina na ji daɗin da ban ji irinsa ba tun ranar da aka ɗauke ni aiki. Na fitar da nawa tsohon na kai shi rumfar tsakar gida, na ba na Yaya zauren shi kaɗai.

Asabar ta farko na wanke shi yadda ya ce, ta saman leda. Aiki ne mara daɗi, kamar mutum ya yi wanka da riga a jiki, amma na yi. Asabar ta biyu ce na durƙusa ina goge ƙafar baya sai na lura da gumi a cikin ledar da ta naɗe kariya, ɗigo-ɗigo, ta ciki ba ta waje ba. Na danna da babban yatsa. Wani ruwa ja-ja ya tsiyayo daga bakin salatif ya ɗiga a kan taya. Na karyo tsinken tsintsiya na zura a hankali ta ƙarƙashin ledar, na zaro shi. Ya fito ja kamar an tsoma shi a jar ƙasa.

Na zauna a kan bokiti. Na san abin da ke faruwa. Ruwan sama da ruwan kududdufi suna shiga ta bakin ledar, ba su da hanyar fita, iska kuma ba ta kai wa wurin. Tsatsa ce ke cin ƙarfen a ɓoye, kuma saura fiye da wata guda Yaya ya dawo. Farin ƙarfe ba ƙarfe ba ne har ciki, shafi ne siriri a kan baƙin ƙarfe. Muddin tsatsar tana sama ana iya ɗauke ta. In ta huda shafin ta shiga ƙasa, sai ya fara ɓarewa kamar ɓawon ƙwai, kuma ba mai gyara wannan a Kankia.

Da yamma na kira shi a waya. Suna Madina a lokacin. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, na ce, "Yaya, ruwa ya shiga ƙarƙashin ledar nan, tsatsa ta fara kama kariya. Ina neman izini in buɗe."

"Mi? Ba ni jin ka sosai."

Na maimaita da ƙarfi.

"Tsatsa a sabon babur? Kai dai ka ƙagara ka tuɓe shi. Ka goge ta bisa, ka bar mani ledata." Sai layin ya yanke.

Ban sake kira ba. Kwana kaɗan suka rage ya ɗaura harami, kuma ba ni zan sa mai harami gardama ba, balle a kan ƙarfe.

Kwana uku ina juya maganar. In shiga zaure da safe in leƙa, in shiga da la'asar in leƙa, jan ruwan yana ƙaruwa. Ya ce kar in taɓa leda. Ya kuma ce yadda ya ba ni haka yake son ya iske. Biyun ba za su yiwu tare ba. In na bar ledar, na bi umarni, kuma ranar da ta yage aka ga ɓarnar ba wanda zai ce laifina ne kai tsaye, sai dai a ce a hannuna ya yi damina. In na cire, na saɓa wa wana a ajiya ta farko da ya taɓa ba ni, kuma ina iya zama ta ƙarshe. A rana ta uku mai ɗakina ta kawo mani fura a zaure ta iske ni durƙushe.

"Har yanzu ba ka gama gaishe shi ba?" ta ce.

"Ba abin wasa ba ne."

"Na sani. In ka buɗe, Yaya zai ce ka raina shi. In ka bari, zai ce ka bar masa abu ya ruɓe kana kallo. Faɗa dai sai an yi maka. Ka zaɓi wanda in ana yi za ka iya ɗaga kai."

Washegari na sayo sabuwar reza. Na fito da babur ɗin gindin bedi, na fara daga sama kamar kullum. Na riƙa ɗaga ledar da yatsa ina yanka, bakin rezar yana kallon waje don kar ya taɓa fenti. Tankin lafiya lau yake, sai dai danƙon salatif da ya yi layi-layi a jikinsa da wani dushi inda gumi ya kwanta. Sandunan madubi da murfin tayar gaba sun yi ɗigon tsatsa kamar an yayyafa masu barkono. Gefen dama na baya ma haka. Amma da na zo gefen hagu na buɗe kariya da shokozoba, sai da na yi salati. Wurin ya yi jawur, ga kuma wani farin abu ya daskare a kai kamar gishiri. Ban san ko mene ne ba. Ban taɓa ganin ruwan sama kaɗai ya yi irin wannan ba.

Kafin azahar masu ba da shawara sun taru, kamar yadda aka saba. Wani ya ce in sa soson ƙarfe irin na wanke tukunya. Wani ya ce yashi mai laushi da ruwa. Bakaniken bakin titinmu ya zo wucewa, ya duba, ya ce, "Baba, sanfefa za ka sa, minti goma ka gama." Na ce masa sanfefa za ta ɗauke tsatsar ta ɗauke ƙyallin tare, a bar ni da ƙarfe mai kama da gindin tukunya. Ya ce to ai sai in shafa farin fenti. Na ce ya je ya ji da masu jiransa.

Mai ɗakina ce ta kawo maganin. Tana da wasu tsofaffin tasoshin tagulla da ta gada, kuma da ruwan tsamiya take fito da haskensu. Ta ce in gwada. Ni ba na gwaji a kan kayan ajiya. Na ɗauko wani tsohon sandan madubi nawa da ya daɗe a akwatin kayan aiki ya yi tsatsa, na jiƙa tsumma a ruwan tsamiya mai kauri na naɗe shi, na ba shi kamar tsawon lokacin shan shayi, na kwance. Tsatsar ta yi laushi, tana bin tsumma. Wadda ta ƙi fita kuma na tuna abin da wani tsohon direban ofishinmu ya taɓa nuna mani, wato a murza ta da takarda mai ƙyalli, irin wadda ake naɗe dunƙulen miya da ita. Ta fi tsatsa ƙarfi, ba ta kai farin ƙarfe ba, don haka ba ta karce shi. Na gwada, ya yi. Mai ɗakina ta bi gidajen maƙwabta ta tattaro mani takardun cike da gwangwani, matan unguwa suna tambayarta ko maigidan nata ya fara tsibbu ne.

Kwana tara na yi a kan aikin, kuma ga yadda na bi shi. Kowace safiya wuri guda nake ɗauka, ba na tsallakewa zuwa wani sai na gama da shi. In wanke wurin da ruwa zalla. In naɗa tsumman tsamiya in jira. In kwance, in murza da takardar a hankali, a tsaye ba a kewaye ba. In ɗauraye da ruwa mai yawa, domin in aka bar tsamin ya kwana shi ma ci yake yi. In tsane har sai tsumma ya fito a bushe. Sannan in ɗauko toka da aka tankaɗe sau biyu ta cikin ƙyalle, wadda ta yi laushi kamar hoda, in dangwala da ɗanyen tsumma in goge har in ga fuskata. Ƙarshe in shafa mai ɗan kaɗan, abin da ba zai kama ƙura ba. Wayoyin taya da siririn tsumma na bi su ɗaya bayan ɗaya, in zagaya shi in riƙa ja hagu da dama. Murɗaɗɗen ƙarfen shokozoba shi ya fi wahalar da ni, yatsuna har suka tsage, tsamiyar tana shiga tana zafi. Danƙon da ke kan tanki da ɗigon kananzir na narkar da shi, na wanke nan take, na sa man goge fenti har shafi biyu. Jan ya fito kamar cikin kankana.

Abu ɗaya ya gagare ni. A gefen hagu na kariya tsatsar ta riga ta huda. Da na gama sai ga ƙananan ramuka baƙaƙe, kamar ƙwayar gero, wajen faɗin yatsu uku. Na yi iya yina, ba sa fita, don ba datti ba ne, ƙarfen ne ya tafi. Na ɗiga masu mai don kar su ci gaba, na bar su. In ban da wannan wurin, ko a shago ban ga babur mai haskensa ba. Mutane sukan tsaya a ƙofar zaure su leƙa. Bakaniken ma ya dawo, ya zagaya shi, ya ce, "Baba, in ka gaji da zaman fansho akwai wuri a rumfata." Na ji daɗin maganar.

Ranar da Yaya ya kwana biyu da dawowa na hau babur ɗin na nufi Ƙofa. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. Tafiyar da nake yi cikin ɗan lokaci sai da ta ɗauke ni ninki biyu, ina kauce wa kowane kududdufi. Gero ya yi tsawo har ya rufe gari. Kafin in shiga na tsaya a gindin wata tsamiya na fito da tsummokarana daga aljihun riga na share abin da ya fantsama.

Ƙofar gida cike take da masu barka da sauka, an shimfiɗa tabarmi, ana miƙa dabino. Yaya na zaune a tsakiya da farar jallabiya, ya rame kaɗan, ya yi fari. Na kafe babur ɗin a gefe, rana ta faɗa a kansa. Surutu ya ragu. Akwai wani taubashinmu, sa'an Yaya, wanda bakinsa ba ya shiru, shi ya fara.

"Alhaji, ka ga abin da ake gudu. Ka tafi ka bar amarya da lulluɓi, ka dawo ƙaninka ya buɗe mata fuska."

Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Amma fa amaryar ta yi kyau."

"Kyau ai ba shi ne maganar ba," in ji taubashin. "Yanzu wa zai yarda ba bazawara ba ce?"

Yaya bai yi dariya ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Allah ya sa karɓaɓɓe ne. Ya amsa a taƙaice, ya ba ni dabino uku da ruwan zamzam a ɗan kofi. Bai dubi babur ɗin ba sam. Sai da aka yi azahar mutane suka ragu ya tashi ya ce, "Turo shi ciki."

Na tura shi har bayan rumbu inda ba kowa. Ya tsaya ya harɗe hannu a baya.

"Mi na ce maka?"

"Ka ce kar in taɓa leda."

"A gida na ce maka, a Madina na ce maka. Ka taɓa ko ba ka taɓa ba?"

"Na taɓa, Yaya. Na cire ta duka, da hannuna, ba wanda ya sa ni."

"To mi ya rage? Shi ya sa ban ba ka ajiya. Kai kullum ka fi kowa sani."

Na ce ya ba ni dama in faɗi yadda abin ya faru daga farko. Ya ce ba ya son dogon lissafina na ɗaya da biyu. Ya sunkuya yana duba babur ɗin da kansa, yana bin jikinsa da yatsa. Na ga ya daɗe a kan tanki. Ya zagayo baya, yatsansa ya bi kariya, ya tsaya cak a kan ramukan nan.

"Wanga fa? Ka gurje mani ƙarfe har ka huda shi."

Wannan ita ce maganar da na fi tsoro tun ranar da na sa reza. Ba ni da shaida sai bakina. Na ce, "Yaya, ka san ban taɓa yi maka ƙarya ba. Haka na iske shi a ƙarƙashin ledar. Ko'ina tsatsar sama-sama ce, ta fita. Nan kaɗai ta huda, kuma akwai wani farin abu da ya daskare a kai kamar gishiri. Har yau ban san ko mene ne ba."

"Fari?"

"Fari fat. Gefen hagu kawai."

Ya miƙe, ya dubi ƙasa, ya sake sunkuyawa ya taɓa wurin. Na ga yana lissafin wani abu a ransa. Can ya yi gyaran murya.

"Taki ne," ya ce a hankali. "Farkon damina na ɗauko buhu biyu daga Kusada, ruwa ya kama ni a hanya. Na hagun ya ɓule. Da na iso na share ta bisan leda, na ce ai ba abin da ya shiga."

Duk manomi ya san abin da takin zamani ke yi wa ƙarfe, balle Yaya da yake wanke fartanyarsa in ta taɓa shi. Ba sai na ƙara masa ba.

"Da ka bar shi har in dawo fa?" ya ce.

"Da kariyar ta tafi, da shokozobar hagu. Wataƙila da bakin ƙafar baya."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon fuskarsa a jikin murfin taya. Sannan ya ce, "Duk da haka ka saɓa mani."

"Na saɓa, Yaya."

"Kujerar dai sai na sa mata leda. Wannan ba ruwanka."

"Kujera ba ta tsatsa. Ka sa mata biyu in ka so."

Ya ɗan murmusa, ya kuma gimtse. Ya ce maganar taki ta tsaya tsakaninmu, don in taubashin nan ya ji, har jikoki sai sun ji. Na ce ta tsaya.

Bai ce na kyauta ba, kuma ban sa rai zai ce ba. Na ci tuwo, na gaida matan gida, na karɓi tsarabata, hula da tasbaha da turare na mai ɗakina. La'asar ta yi na ce zan kama hanya, wani maƙwabci zai sauke ni inda zan sami mota. Har na kai ƙofar zaure ya kira ni. Ya shiga ɗakinsa ya jima, ya fito da wata tsohuwar ambulan da ɓera ya ɗan ci gefenta.

"Takardun babur ne," ya ce. "Da na gonar fadama, da ta filin nan na bakin hanya. Nan ɗakin yoyo yake, ga ɓeraye. Ka tafi da su wurinka."

Na karɓa da hannu biyu. Na buɗe a gabansa na ƙirga su, guda biyar, na faɗa masa adadin don ya sani. Ya ce in daina ɓata masa lokaci, mai kai ni yana jira. Na sa ambulan ɗin a aljihun ciki na danne da hannu har Kankia. A daren ban kwanta ba sai da na miƙar da kowace takarda, na jera su bisa shekarunsu, ta gonar fadama a ƙasa don ita ce babba, na sa su a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Suna nan a wurina har yau.